Kafin Ka Sayi Sabon Altaneta

Damina ta kama, batirin tarakta kuwa kullum a mace. Maigida, kada ka yi saurin sayar da masara domin sabon altaneta. Murɗa makulli tukuna, ba tare da ta da inji ba. Jar fitilar caji ta kama? In ba ta kama ba, watakila ƙwanta ya ƙone. A taraktoci da yawa, ta wannan ɗan ƙwai wuta take bi ta farkar da altaneta.

Danna bel da yatsa, kada ya lotsa fiye da rabin inci. Inji yana aiki, ma'auni ya nuna kusan bolt 14. Amma cire wayar batir inji yana tafiya, gwajin da wasu makanikai suke so, yakan ƙona lafiyayyen altaneta.