Wuni Ɗaya a Fulorans, Birnin da 'Yan Kasuwa Suka Gina

Daga birnin Rum zuwa Fulorans tafiyar awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa mai gudu, shi ya sa baƙi da yawa ke zuwa da sassafe su koma da dare. A jikin tikiti da allunan tasha Firenze za ka ga an rubuta, kada ka ɗauka ɓatan kai ka yi. Garin ba wani ƙato ba ne, mazaunansa ba su kai 400,000 ba. Tsohon birnin kuwa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1982, rabin awa ta ishe ka ratsa shi da ƙafa. Sai dai abin kallon da ke cunkushe a ɗan wannan fili, mako guda ma ba ya isa a gama da shi, balle wuni ɗaya.

Waɗanda suka san ƙasar sun fi son zuwa a watannin Afrilu da Mayu. Sanyin hunturu ya ja baya, zafin Yuli da Agusta bai iso ba. Tun ranar Lahadin ƙarshe ta Maris an tura agogo gaba da awa ɗaya, saboda haka rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas. Ga wuni mai tsawo, ga iska mai daɗi, sai ɗan yayyafi jefi-jefi, don haka a riƙe lema da rigar sanyi mara nauyi.

Inda abokan tafiya ke samun saɓani shi ne wajen zaɓi. Wani gidan kayan tarihi yake so, wani kasuwar jakunkunan fata, wani shi dai a bar shi ya ɗau hoto. A ganina, mafita ita ce a yarda tun daga tasha cewa wurare uku ko huɗu kawai za a tsaya, kuma a bi su da tambaya guda: da kuɗin wa aka gina wannan? Wanda ya riƙe wannan tambaya zai ga garin yana buɗe masa kansa, domin Fulorans ba sarakunan yaƙi suka ƙawata ta ba. Masaƙa ne, da marina, da masu canjin kuɗi.

A fara da babbar majami'ar Santa Maria del Fiore, tafiyar minti goma daga tasha. An kafa harsashinta a 1296, daga baya kuma ƙungiyar masu sana'ar ulu ce aka danƙa wa kula da aikin. Suka tsara ƙubba mai faɗin kusan mita 45, alhali a lokacin babu wanda ya san yadda za a rufe ta. Bisa al'ada, sai an kafa katakai sun tallafi ginin har ya bushe, amma ina za a samo itatuwan da za su cike wannan sarari? Filippo Brunelleschi, wanda asalinsa maƙerin zinariya ne, shi ya karɓi aikin a 1420, ya gama a 1436. Ya yi ƙubbar ruɓi biyu, ɗaya a cikin ɗaya, ya jera tubalan a karkace yadda kowane sahu zai riƙe kansa kafin a ɗora na gaba. Tubali kusan miliyan huɗu aikin ya ci. Ya kuma ƙera na'urar ɗaga kaya wadda shanu ke juyawa, da dabarar da za a sauya akala kaya su hau ko su sauka ba tare da an kwance shanun an juya su ba.

Ana hawa ƙubbar har ƙololuwa, matakala 463, babu na'urar hawa. Hanyar ta bi ta tsakanin ruɓin biyu, ƙunci gare ta, wani wurin sai ka sunkuyar da kai, bangon yana karkatowa kanka, kana ganin jerin tubalan da idonka har ka taɓa su. Sai an yanki tikiti mai ƙayyadadden lokaci tun kafin ranar. Mai ciwon gwiwa ko mai tsoron ƙuntataccen wuri ya haƙura ya jira a ƙasa, babu abin kunya. Masu shiga majami'ar kuma dole su rufe kafaɗu da gwiwoyi.

Kaɗan daga nan akwai wani gini da baƙi kan wuce ba su kula ba, Orsanmichele. Kasuwar hatsi ce tun asali, daga baya aka mayar da ƙasan wurin ibada, saman ya zama rumbun gari saboda shekarun yunwa. Har yau ana ganin kafofin da hatsi ke gangarowa ta cikin ginshiƙai. A jikin bangon waje, kowace ƙungiyar sana'a tana da gurbinta da ta sa aka yi mata mutum-mutumi, kowacce na son ta fi 'yar'uwarta. Wanda ya san yadda Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera ke riƙe da jama'arsu ba zai sha wahalar gane tsarin ba, sai dai a nan ƙungiyoyin sun kai ga riƙe mulkin garin kansa.

Ƙarfin waɗannan mutane a kan tsabar kuɗi ɗaya ya tsaya. A 1252 Fulorans ta fara buga kuɗin zinariya mai suna fulorin, nauyinsa giram uku da rabi, aka kuma daɗe ba a rage masa nauyi ba, har ya zama abin yarda a kasuwannin Turai. Kaso mai tsoka na zinariyar da ke yawo a Bahar Rum a wancan zamani daga Afirka ta Yamma ta fito, a bayan raƙuma, ta ratsa Sahara zuwa tasoshin ruwa irin su Tunis. A 1397 Giovanni di Bicci ya kafa bankin iyalan Medici, zuri'arsa suka zama masu gari, suka riƙa ɗaukar nauyin masu zane da magina.

Dandalin Signoria shi ne wurin da ya fi dacewa a sa alƙawarin haɗuwa idan an rabu. A nan fadar gari take, a ƙofarta ga kwafin mutum-mutumin Dauda da Michelangelo ya gama sassaƙawa a 1504; na ainihin an mayar da shi gidan Accademia tun 1873. Gara a faɗa tun da wuri: yawancin gumakan dandalin tsirara suke, mai tafiya da iyaye ko surukai ya san da haka. A ƙasa akwai wani zagayayyen allo da ke nuna inda aka rataye kuma aka ƙone mai wa'azi Savonarola a 1498, shekara guda bayan ya sa an tara madubai da kayan ƙawa an cinna musu wuta a wannan fili. Gidan zane-zane na Uffizi na nan gefe, asalinsa ofisoshin gwamnati ne da aka fara ginawa a 1560. Ba ya buɗewa ranar Litinin, kuma wanda ya shige shi ya sallama rabin wuninsa. Dukiyar da ke ciki ta tsira ne saboda mace guda, Anna Maria Luisa, ta ƙarshe a gidan Medici, wadda a 1737 ta miƙa kayan gidansu bisa sharaɗin kada a fitar da ko ɗaya daga ƙasar.

Idan azahar ta yi, sai cikin ya fara magana. Abincin titi na garin shi ne lampredotto, wato tumbin saniya da aka dafa ya yi laushi. Mai sayarwa zai tsamo shi daga tukunya, ya yayyanka a kan katako, ya zuba cikin burodi, ya tsoma murfin burodin a romo, ya tambaye ka ko kana son yaji. Mai kaffa-kaffa da yanka yana da ribollita, miyar wake da ganye da burodi, ko ɗanyen wake mai kwanso da cukun tumaki, wanda ake ci a watannin Afrilu da Mayu. A kula da sunayen prosciutto, salame, pancetta da lardo, duk naman alade ne, strutto kuma kitsensa ne da ake sawa a wasu nau'o'in burodi. Burodin yankin ba gishiri a cikinsa, ba mantuwa aka yi ba. Kofi a tsaye gaban kanta ya fi araha a kan na zaune, kuma a gidan abinci akwai kuɗin zama da ake caza kowane kai, coperto, a lissafa da shi kafin a fara gardamar wa zai biya.

Gadar Ponte Vecchio da ke kan kogin Arno an gina ta a 1345, da shaguna a kanta dama da hagu. A da mahauta ne a ciki, suna watsa ƙazanta cikin ruwa. A 1565 iyalan Medici suka gina wa kansu rufaffiyar hanya ta saman shagunan, don su riƙa wucewa tsakanin fadojinsu ba tare da cuɗanya da jama'a ba. Wari ya dame su, a 1593 aka kori mahautan aka zuba maƙeran zinariya, su ne a wurin har yau. A watan Agustan 1944 sojojin Jamus sun tarwatsa duk gadojin garin, ita kaɗai suka bari. Ta kuma tsallake ambaliyar 4 ga Nuwamban 1966, lokacin da Arno ya yi toroƙo ya shiga gari da laka da man dumama gidaje. A unguwar Santa Croce akwai ƙananan alluna a bango masu nuna inda ruwan ya kai, sai ka ɗaga kai sosai kafin ka hango su.

Akwai abin da baƙo ya kamata ya tuna: mutane na zaune a garin nan, kuma cinkoso ya ishe su. Gidajen haya sun koma masaukin baƙi, 'yan gari na ƙaura zuwa bayan gari. A 2018 hukumar birnin ta hana tsayawa cin abinci a bakin ƙofofi da gefen wasu tituna a lokutan cin abinci, da tarar da ke kaiwa yuro 500. Sayen jabun jaka a hannun masu shimfiɗa kaya a titi shi ma laifi ne, mai saye ma ana cin tararsa.

Da la'asar sakaliya a haye kogi a hau tudu zuwa dandalin Michelangelo, inda ake ganin garin gaba ɗaya, da ƙubba da hasumiya da gadoji. A gefensa akwai lambun furen iris, furen da ke kan tambarin birnin, wanda ake buɗewa na 'yan makonni kawai daga ƙarshen Afrilu zuwa cikin Mayu. Mai sauran ƙarfi ya ƙara gaba kaɗan zuwa San Miniato, majami'ar da ta haura shekara dubu, can ba a cika turmutsutsu ba. Daga tudun zuwa tasha tafiyar kusan minti arba'in ce a ƙafa, kuma yawancin gidajen abinci ba sa buɗe ƙofa da dare sai bayan ƙarfe bakwai. Wanda jirginsa zai tashi ƙarfe tara sai ya zaɓa tsakanin faɗuwar rana a kan tudu da zaman cin abincin dare.