Idan Bashi Ya Fi Jari: Ƙofofin da Ke Gaban Ɗan Kasuwa Kafin a Je Kotu

 

Ƴan uwa masallata da ɗalibanmu, darasinmu na wannan fitowa ya shafi kasuwa ne. Shekarun nan sun zo wa ƴan kasuwa da nauyi. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Takunkumin CEDEAO da ya biyo bayan 26 ga Yuli 2023 ya tsayar da kaya a hanyar Kwatano. Darajar naira ta zube, wanda ya bayar da kaya bashi a Kano ko Katsina ya ga kuɗinsa sun dawo masa a rage. Daga Maraɗi zuwa Ƙonni da Damagaram, akwai masu rufin asiri da yawa da bashi ya yi wa katutu ba da sakacinsu ba. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ke halaka ɗan kasuwa shi ne ɓoye shi har ya ruɓe, alhali tsakanin shiru da kotu akwai ƙofofi da dama.

Lissafi kafin komai

Malaman fiƙihu ba sa haɗa masu bashi wuri ɗaya. Akwai mai hali da ke ja wa mutane rai, wanda hadisin Bukhari da Muslim ya kira jinkirinsa zalunci. Akwai wanda dukiyarsa za ta iya biya amma kuɗin hannu sun yanke masa. Akwai kuma wanda bashi ya kewaye dukan abin da ya mallaka. Kowane da hukuncinsa, kuma mutum ba zai san rukuninsa ba sai ya zauna da biro da takarda.

A gefe guda ya rubuta duk wanda ke binsa, da adadin, da ranar biya. A ɗaya gefen ya rubuta kuɗin hannu, da kayan shago bisa farashin da za su sayu yau, da fili ko mota ko dabbobi, da kuɗinsa da ke hannun mutane. Bashin da yake bin wanda ya ɓace shekara uku kar ya ƙirga shi a dukiya. Ya kuma raba aljihun gida da na shago, don shaguna da yawa cefane da biki ne suka cinye su a hankali, mai shagon bai ankara ba.

Idan lissafi ya nuna giɓi, sai ya fara da kansa: ya sayar da abin da ba ya juyawa, ya bi bashinsa na waje, ya dakatar da Umra da ƙarin gini da hidimar da ba dole ba. A mazhabar Malikiyya, wanda bashi ya kewaye dukiyarsa, masu binsa suna da ikon hana shi kyauta da sadakar da ta wuce al'ada, da hana shi biyan mutum ɗaya kafin ajalinsa, ko miƙa wa mutum ɗaya duk abin da ke hannunsa. Dalili kuwa, dukiyar ta riga ta rataya da haƙƙin mutane.

Ƙofofi biyar

Ta farko, jinkiri. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Mai bashi ya je da ƙafarsa tun ajali bai yi ba, ya buɗe littafinsa, ya nemi a raba masa biyan wata-wata gwargwadon abin da shagon ke iya fitarwa. Alkawarin jaka hamsin da za a cika ya fi na jaka ɗari biyu da za a saɓa.

Ta biyu, sulhu a kan ragi. Ka'abu ɗan Malik ya bi Ibnu Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka ɗaga. Annabi (SAW) ya yi wa Ka'abu nuni ya yafe rabi, ya yarda, sai ya umarci ɗayan ya tashi ya biya sauran. A lura, bashin da lokacinsa ya riga ya yi ne aka yi wa wannan ragi, kuma biya ya biyo baya nan take.

Ta uku, mayar da kaya, abin da fiƙihu ke kira iƙala. Wanda ya ɗauki buhunan shinkafa ko bandiran atamfa bashi, kasuwa ta ƙi, yana iya roƙon mai kayan ya karɓi abinsa a kan farashin da aka yi ciniki, bashin ya faɗi. Shari'a ta kwaɗaitar da mai kaya ya amsa irin wannan roƙo.

Ta huɗu, hawala da lamuni. Idan kana bin wani mai hali miliyon ɗaya, wani kuma yana binka miliyon ɗaya da ajalinta ya yi, kana iya tura shi can da yardarsa, kai ka fita. Sharaɗi shi ne basussukan biyu su daidaita a adadi da iri. Haka nan ɗan uwa ko ubangida na iya tsaya maka lamuni, ko ka ajiye jingina don hankalin mai kuɗi ya kwanta. Lamuni dai aikin lada ne, ba a karɓar ladan kuɗi a kansa.

Ta biyar, zakka da gudummawa. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa masu bashi cikin mutum takwas da ake bai wa zakka, matuƙar ba a saɓon Allah aka ci bashin ba. Attajiranmu su tuna da wannan kaso, don fitar da ɗan kasuwa ɗaya daga bashi rayar da gida ne da yaran shago. Sai dai a mashhurin mazhabarmu, ba ya halatta mai bin bashi ya yafe wa matalauci bashin sannan ya ƙirga shi cikin zakkarsa.

Tarkuna

Mai neman mafita cikin gaggawa yakan faɗa rami. Babba shi ne a ce masa an ƙara masa wata uku amma ya ƙara kaza a kai. Wannan ita ce ainihin ribar Jahiliyya, wato kuɗin ruwa, ko da an sa mata sunan tara ko kuɗin takarda. Kusa da ita akwai cin sabon bashi mai ruwa don toshe tsohon, ko sayen kaya bashi da tsada a karyar da su nan take don a samu tsaba. Ramin ne ke ƙara zurfi.

Ɗalibai su riƙe wasu mas'aloli biyu. Bashin da ajalinsa bai yi ba, a ce a rage shi don a biya yanzu, Malikiyya sun hana, duk da an ruwaito halaccinsa daga Ibnu Abbas. Sannan ba a mayar da bashi jarin ƙiradi, wato mai bin bashi ya ce riƙe kuɗin ka juya mu raba riba, sai ya karɓi kuɗinsa a hannu tukuna, don kada ya zama jinkiri da ƙari ta bayan gida.

Mafi muni shi ne ɓoye dukiya: a mayar da gida da sunan mata, a kwashe kaya cikin dare zuwa shagon ƙane, ko a tsallaka iyaka a kashe waya. Wannan cin dukiyar mutane ne, kuma doka ma tana hukunta shi.

Mene ne taflisi?

Idan duk ƙofofin nan sun toshe, sai alƙali ya shiga. Taflisi shi ne ya hana mai bashi taɓa dukiyarsa, ya sayar da ita, ya raba wa masu bi gwargwadon haƙƙinsu. Sayyidina Umar ya yi haka da Usaifi'u, mutumin ƙabilar Juhaina da ke sayen raƙuma da tsada har ya karye, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. A Malikiyya, da an yi wannan hukunci duk bashin da ke da sauran lokaci ya zama na yanzu. Ana bar masa abin ci da tufa shi da iyalinsa, amma har gidansa ana iya sayarwa. Wanda ya tarar da ainihin kayansa da ba a biya shi ba yana da zaɓi, ya ɗauki abinsa ko ya shiga rabo. Wanda aka tabbatar ba shi da komai ba a tsare shi.

Mu ƙaddara ana bin mutum miliyon 10 na sefa: Alhaji na farko 5, na biyu 3, na uku 2. Dukiyarsa duka miliyon 6 ce. Kowa zai samu kashi 60 cikin 100: miliyon 3, da miliyon 1 da jaka 800, da miliyon 1 da jaka 200. To kayan gwanjo ba sa kai darajarsu. Idan an sayar a miliyon 4 da rabi, rabon ya koma kashi 45, ga shago ya mutu. Da sun ba shi shekara biyu yana juyawa, mai yiwuwa kowa ya samu fiye da haka. Shi ya sa sulhu ya fi zama maslaha ga mai bin bashin kansa. Kuma a sani, abin da ya rage bayan rabo yana nan a wuyan mai bashi har ya samu ya biya ko a yafe masa.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, tare da Kamaru da Cadi da Benin da Togo, masu bin dokar kasuwanci guda. Dokarsu ta kamfanonin da bashi ya kama an kafa ta a 1998, aka sabunta a 2015, kuma ita ma ta sa sulhu a gaba. Matakin farko shi ne sasantawa cikin sirri: shugaban kotu ya naɗa mai shiga tsakani na tsawon wata uku, ana iya ƙara wata ɗaya. Na biyu shi ne yarjejeniyar rigakafi, inda kotu ke dakatar da ƙararrakin masu bi na ɗan lokaci don a tsara jinkiri ko ragi. Waɗannan biyu na wanda bai kai ga kasa biya ba ne. Wanda ya riga ya kasa biyan bashin da ajalinsa ya yi, doka ta ba shi kwana 30 ya sanar da kotu. Daga nan ko a farfaɗo da kasuwancin ƙarƙashin kulawarta, ko a sayar da komai a raba. Wanda aka samu da ha'inci ana iya hana shi kasuwanci na shekaru. Mai hulɗa da banki ko kamfani ya nemi lauya ko akanta da wuri, ya kuma nuna wa malami takardar yarjejeniya kafin ya sa hannu, saboda sharuɗɗan kuɗin ruwa.

Nasiha ga ɓangarorin biyu

Mai bashi, kunyar yini ɗaya a gaban mutum uku ta fi tonon asiri a gaban kasuwa duka. Ka tara masu binka a zama ɗaya, da sarkin kasuwa ko liman ko wani dattijo da kowa ya yarda da shi, ka faɗi gaskiyar lissafi, kada ka fifita mai ƙarfin murya a kan marainiyar da ta ba ka ajiyar gadonta. Mai bin bashi, ka bambanta mai taurin kai da wanda ƙaddara ta faɗa wa, kada ka aika masa ƴan sanda alhali ka san ba shi da shi.

Duk abin da aka daidaita a kai a rubuta shi, da adadi da ranaku da shaidu biyu, kowa ya riƙe kofinsa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka rubutu tsakanin aminai ba rashin yarda ba ne. Mutuwa ba ta sallama, kuma ba a raba gado sai an fitar da bashi. Wanda littafinsa ke a tsare ya sauƙaƙa wa magadansa, ya sauƙaƙa wa kansa kwanciyar kabari.

Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya wadatar da mu da halal.