Korar Koci a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

A watan Nuwamban 2023, Jami'ar Texas A&M ta sallami kocin ƙungiyarta ta ƙwallon Amurka, Jimbo Fisher. Kuɗin sallamar da kwantiraginsa ya tanada ya haura dala miliyan 75. Ana biyan mutum ya zauna a gida, ga kuma albashin wanda aka ɗauko.

Kuɗi ma da sauƙi. Sau da yawa yaro yakan zaɓi jami'a ne saboda kocin da ya je har gidansu ya zauna da iyayensa. In kocin ya tafi, hankalin yaron ya tashi. Da koci Nick Saban ya yi ritaya daga Jami'ar Alabama a Janairun 2024, dokar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta ba 'yan wasansa kwana 30 su sauya sheƙa, Caleb Downs kuwa, ɗaya daga cikin gwanayensu, ya tattara ya koma Jami'ar Ohio State.

Jami'ar Nebraska ma ta ɗanɗana kuɗarta. A 2003 ta kori kocinta Frank Solich bayan ya ci wasa 9 cikin 12, wai bai isa ba. Magajinsa Bill Callahan ya sauya salon wasan kakaf. A 2004 ƙungiyar ta ci 5 ta sha kashi 6, rabonta da ganin shan kashi ya fi nasara yawa tun 1961.