HAƘORI BA YA TSIROWA SAU UKU

Allah ya ba ɗan Adam haƙora sau biyu ne kaɗai. Na fari su ne haƙoran nono guda 20, waɗanda sukan fara fitowa sa'ad da jariri ya kai wajen wata 6. Na biyu kuwa su ne na girma, guda 32. In waɗannan suka lalace, babu na uku. Manomin da ciwon haƙori ya kwantar da shi kwana huɗu a tsakiyar noman fari ya san hasarar ba a baki kaɗai take tsayawa ba, har rumbu takan kai.

Me ke cin haƙori?

Da yawa cikinmu sun gaskata tsutsa ce ke huda haƙori, har akan biya kuɗi a yi wa mutum turare wai don ta fito. Gaskiyar magana, babu tsutsa a ciki. Ka sa farce ka kankare gindin haƙorinka da safe, za ka ga wata farar dauɗa mai yauƙi. Cikinta akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Duk lokacin da muka sha shayi mai sukari, ko alewa, ko lemon kwalba, su ma sun sami abinci. Sai su fitar da wani tsami mai narkar da ɓawon haƙori kaɗan kaɗan, har ya zama kogo. Yaron da ke tsotsar minti tun safe har yamma, haƙoransa ba sa hutawa daga wannan tsami.

Dauɗar nan kuma ita ke kumbura dasashi. In ta daɗe sai ta taurare kamar dutse, dasashi ya ja da baya, haƙori ya yi girgiɗi ya faɗi ko da ba kogo. Saboda haka jini a kan asuwaki ba dalilin daina goge baki ba ne. Alama ce cewa wurin yana bukatar shara. A ci gaba da gogewa a hankali. In an yi mako 2 jinin bai tsaya ba, a je ɗakin magani.

Yadda za a yi

Dauɗar baki kamar ciyawa take a damina, yau ka nome, gobe ta tsiro. Don haka aikin na kullum ne, sau 2 a rana, da safe da kuma kafin a kwanta. Na dare ya fi muhimmanci, gama miyau shi ke wanke tsamin nan, kuma yakan ragu sa'ad da muke barci.

1. In kana da buroshi, nemi mai laushi, da man goge baki mai sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Ka ɗauki minti 2 kana gogewa. Ka tofar da kumfar, amma kada ka kurkure da ruwa nan take.

2. In babu kuɗin buroshi, asuwaki yana aiki sosai. Ɗanyen reshen dogon yaro mai kaurin ɗan yatsa ya isa. Ka tauna bakinsa har ya yi laushi, ka yanke wurin da ya tsufa kowace rana. Yawo da shi a gefen baki ba shi ne gogewa ba. Sai an bi haƙori ɗaya ɗaya, ta waje, ta ciki, da kan turame, musamman inda haƙori ya haɗu da dasashi.

3. Kada a goge da yashi, ko toka, ko gawayi. Suna sa fari na ɗan lokaci, amma suna cinye ɓawon, shi kuwa ba ya komowa.

4. Kowa da nasa buroshi ko asuwaki. A sake buroshi bayan wata 3.

5. Kada a cusa garin taba, ko ruwan batir, ko ƙwayar asfirin a kogon haƙori. Suna ƙona dasashi. A kurkure da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, sa'an nan a nemi ma'aikacin lafiya. Kumburin fuska tare da zazzaɓi kuwa ba a kwana da shi a gida.

Iyaye, ku duba bakin yaranku

Wajen shekara 6 turame huɗu na girma sukan fito can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye sukan ɗauka na nono ne, su ƙyale su su ruɓe. Uwa ko uba su riƙa taimakon yaro goge baki har ya kai shekara 7. Ɗan ƙasa da shekara 3, man da za a sa masa kada ya wuce girman ƙwayar shinkafa.

Akwai wata muguwar cuta da likitoci ke kira noma, ba noman gona ba. Takan kama yara masu shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ko kyanda ta raunana. Farkonta ɗan gyambo ne a dasashi, da warin baki, da dalalar miyau. Cikin 'yan kwanaki sai kunci ya kumbura, naman fuska ya fara zaizayewa. In ba magani, har 9 cikin 10 sukan mutu. Amma in an gane ta da wuri, maganin asibiti, da tsabtar baki, da abinci mai gina jiki sukan tsai da ita. Ba iska ba ce, ba sammu ba, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Tun 1999 akwai asibitin yara masu wannan cuta a Sakkwato, a Disamba 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta. Uwa ta riƙa ɗaga leɓen ɗanta tana dubawa ko sau ɗaya a mako, balle bayan ya tashi daga kyanda.

Jikinmu amana ne daga wurin Ubangiji, baki kuwa da shi muke ci, da shi muke yabonsa. Muna roƙon shugabannin Zumuntar Mata da malaman Makarantar Lahadi su karanta wannan a taronsu na gaba. Kowa ya zo da asuwakinsa, a gwada yadda ake gogewa a gaban yara. Allah ya ba mu lafiya, amin.