Ƙazuwa: A Shafa wa Kowa, Rana Ɗaya

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman na yau a kan ƙazuwa ne, ciwon da ke hana yaro barci, ya hana uwarsa.

Da rana da sauƙi. Da zarar an kwanta jiki ya ɗumama, sai susa ta tashi: tsakanin yatsu, tsintsiyar hannu, hammata, ƙugu, cibiya, matsematsi. Jarirai kuwa har tafin hannu da tafin ƙafa da kai. Wani mitsitsin ƙwaro ne ke haddasa ta, bai kai rabin milimita ba. Macen takan haƙa rami a fata ta zauna, kullum tana saka ƙwai 2 zuwa 3, cikin kwana 3 ko 4 su ƙyanƙyashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci mutum sama da miliyan 200 na fama da ƙazuwa, kuma a 2017 ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Haɗa jiki da haɗa shimfiɗa ke yaɗa ta, shi ya sa ta fi yawa a tsangaya, makarantun kwana, gidajen yari da sansanonin 'yan gudun hijira. Mai wanka sau uku a rana ma yana kamuwa. Ga inda gizo ke saƙar: wanda ya kamu karon farko yakan yi mako 4 zuwa 6 bai ji ƙaiƙayi ba, alhali yana rabawa. Idan uwa ta shafa wa yaro ɗaya magani ta bar 'yan uwansa, a tabarmarsu zai sake kwaso ta.

(Kiɗa kaɗan)

To, ina magani? Na farko shi ne man permethrin mai ƙarfin kashi 5. A yanke farce, a shafa daga wuya har tafin ƙafa, kowane lungu, ba kan ƙuraje kaɗai ba. Ya kwana a jiki, awa 8 zuwa 14, sannan a yi wanka. Wanda ya yi alwala ko ya wanke hannu a tsakani, ya sake shafa wa wurin. Bayan kwana 7 a maimaita, saboda ƙwayayen da suka tsira.

Akwai ruwan benzyl benzoate, farin nan da ake samu a kemis da araha. Yana da raɗaɗi, don haka a kan sirka wa yara, kuma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi yadda za a sirka. Ga jariri ɗan ƙasa da wata 2, man farar wuta ake shafawa, dare uku a jere. Ƙwayar ivermectin kuma likita ke rubutawa daidai nauyin mutum, ba a ba mai juna biyu ko yaron da bai kai kilo 15 ba.

A ranar shafa maganin dai, a wanke tufafi da zanin gado da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda aƙalla kwana 3, domin ƙwaron ba ya daɗewa idan ya rabu da jikin mutum.

Don Allah a guji kananzir da baƙin mai, ƙona fata suke. Mayukan da ke ɗauke da sitiroyid kuwa ƙaiƙayin kawai suke kwantarwa, ƙwaron na nan yana hayayyafa. Ko an warke, susa na iya kai mako 4, kada a yi ta labta magani. Amma idan ƙuraje suka yi mugunya, ko zazzaɓi ya zo, ko fuskar yaro ta kumbura fitsarinsa ya yi duhu, a garzaya asibiti, domin ƙwayoyin cutar da ke shiga ta gyambon susa suna iya taɓa ƙoda.

Malaman tsangaya, iyaye, shugabannin makarantu: ku tsai da rana guda, mai susa da marar susa kowa ya shafa. Allah Ya ƙara mana lafiya, mu kwana nan.