Ruwan Da Ya Halatta A Yi Alwala Da Shi, Ko Ya Halatta A Sha?

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya saukar da ruwa Ya rayar da bayinSa da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da iyalansa da sahabbansa.

Bayan haka, tambaya ɗaya tana yawan zuwa mana daga New Bell har Grand Hangar, musamman da damina: "Malam, ruwan rijiyarmu garau yake, ba wari, ba ɗanɗano. Ashe ba mai tsarki ba ne?"

Amsa ita ce mai tsarki ne. Abin da muka karanta tun muna yara a Ishmawi da Risala shi ne, ruwa yana nan a kan tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canza ba. Alwala da shi ta yi, wanka ya yi. Sai dai wannan hukunci ne na ibada, malaman fiƙihu ba su kafa shi don ya zama awon lafiya ba. Ƙwayar cutar kwalara ba ta da launi, ba ta da wari, ido ba ya ganinta. Kofi ɗaya na iya zama halal ga alwala, ya zama ajali ga yaron da ya sha.

Duwala gari ne na yashi da ruwan sama mai yawa. A unguwanninmu, taƙi kaɗan za a haƙa a tarar da ruwa, shi ya sa rijiyoyinmu ba su da zurfi. Gidaje kuma a cushe suke, har ta kai masai na wannan gida yana jingine da rijiyar maƙwabci. Yashi ba ya riƙe ƙazanta, sai ta tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa. Idan kwata ta cika ta yi ambaliya kuma, ta baki take shiga rijiya. Masana suna son a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Gida nawa ne a New Bell yake da wannan fili?

Mun ga sakamakon haka da idonmu. A watan Janairun 2004 kwalara ta ɓarke a Bépanda, ta bazu zuwa New Bell da sauran unguwanni, ta kwantar da mutum wajen 5,000 a Duwala, kuma rijiyoyi marasa zurfi na cikin manyan dalilan da likitoci suka gano. Ta sake dawowa Kamaru a watan Oktoban 2021, a 2022 ta shiga kurkukun New Bell ta yi kisa. Wannan ilimi ba sabo ba ne. Tun 1854 wani likita a Landan mai suna John Snow ya bi sawun masu mutuwa da kwalara, ya tarar mafi yawansu daga famfo ɗaya suke sha.

Hukuma ma ta yi magana. Doka mai lamba 98/005 ta ranar 14 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara sha'anin ruwa a Kamaru, ta ɗora wa duk mai ba jama'a ruwan sha nauyin tabbatar da ingancinsa, ko sayarwa yake yi ko kyauta yake bayarwa. A lura da wannan kalma ta kyauta. Ta haɗa da Alhajin da ya haƙa foraj a ƙofar gidansa don sadaka, ta haɗa da kwamitin masallacin da ya ajiye tanki, kamar yadda ta haɗa da kamfanin Camwater da masu ƙulla ruwan leda, waɗanda hukumar ANOR ke da alhakin ƙa'idojin ingancin kayansu.

Wasu suna ɗaukar bin irin wannan doka a matsayin takurar gwamnati. Mu a wajenmu addini ya riga ta. Manzon Allah (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya tsoratar game da yin bayan gida a mashayar jama'a, ya yi umarni a rufe ƙwarya da tulu. Sayyidina Usman (RA) ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Shayar da ruwa na cikin mafifitan sadaka, amma wanda ya haƙa rijiya ya ƙi kula da ita har ta cutar da mutane, akwai tambaya a kansa, domin kawar da cuta ginshiƙi ne a shari'a.

Don haka muke kira ga kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya da su kai ruwan rijiya ko foraj ɗinsu ɗakin awo, su maimaita idan damina ta kama, su manna sakamakon a bango kowa ya gani. A ɗaga bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi, a keɓe mata guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa. A riƙa wanke tanki.

Iyaye mata kuma, ruwan da ba a tabbatar da shi ba a tafasa shi sosai na minti 1, ko a jefa ƙwayar kulorin gwargwadon abin da aka rubuta a takardarta, a jira minti 30. Mai amfani da jabel ya tambayi ma'aikacin lafiya adadin ɗigo, don ƙarfinsa ya bambanta. Ko ruwan famfo ne, yana iya gurɓata a jarka marar murfi ko randar da kowa ke tsoma hannu. A rataye moda, a wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayi.

Idan kuwa wani ya fara gudawa mai kama da ruwan shinkafa, kada a tsaya jiran gari ya waye. A dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba shi, a garzaya asibitin New Bell ko Laquintinie ko wanda ya fi kusa. Kwalara na iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. A yi addu'a a kan hanya, tawakkali bai hana riƙo da sababi ba.

Allah Ya kare mu da zuriyarmu daga annoba, Ya jiƙan waɗanda ta ɗauka. Allah ne Mafi sani.