Idan cediya ta yi wa gida yawa

A garuruwan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura da ke arewa maso yammacin jihar Jigawa, da wuya a rasa cediya ko durumi a ƙofar gida ko bakin masallaci.

Sai dai itacen da aka dasa don inuwa yakan zama abin damuwa bayan wasu shekaru: rassa su danne rufi, saiwa ta kutsa ƙarƙashin katangar ƙasa ta tsaga ta.

Magidanta da dama kan ɗauki gatari su sare itacen baki ɗaya, abin da ke zama babbar asara a yankin da ke dab da iyakar Nijar, inda hamada ke matsowa.

Datsewa maimakon sarewa

Cediya na jure datsa ƙwarai. Idan aka rage manyan rassanta da adda mai kaifi, a saman gaɓa, sababbi kan tsiro daga ƙasan wurin da aka yanke, itacen ya yi duhu maimakon tsawo.

Yankan da ya yayyage ɓawo shi ke jawo ruɓa da gara. Farin ruwa mai danƙo da ke fita kuwa yana sa ƙaiƙayi, don haka a kiyaye idanu.

Ganyen ba ya zuwa a banza, domin awaki da tumaki na cinsa a lokacin da ciyawa ta ƙare.

Kowane reshe itace ne

Abin da ya fi muhimmanci shi ne rassan da aka cire. Cediya da durumi na cikin itatuwan da reshensu ke yin saiwa idan an kafa shi a ƙasa, ba sai an nemi iri ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen bazara, gab da faɗuwar damina. Ana zaɓar reshe mai kaurin damtse, mai tsawon kamar mita biyu, a zage ganyensa, a binne gindinsa cikin rami mai zurfi, a danne ƙasa, a riƙa ban ruwa.

Tsawon na da dalili: tohon farko zai fito a inda bakin akuya ba ya kaiwa. Kuma wajibi ne a nisanta ramin da katanga da rijiya, in ba haka ba matsalar za ta dawo.

Waɗannan itatuwa dangin itacen roba ne, wato Ficus elastica, ɗan asalin Indiya da kudu maso gabashin Asiya, wanda ake ajiyewa cikin tukwane a ɗakunan Turai. Shi ma idan ya kai silin, kansa ake datsewa a dasa.

Wani ɗan uwansu, gamji, a zamanin Turawan mulkin mallaka an yi cinikin danƙonsa da sunan robar Kano.